Bidiyon Usta Garib Mai Awa Huɗu

Shekara talatin da huɗu Usta Garib ya yi yana ɗaukar bidiyon biki a Mansura, bai taɓa yanke kowa daga fim ba. Abin da yake taƙama da shi ke nan. In ka je bikin da aka ba shi aiki, to kana cikin fim ɗin, ko da a bakin ƙofa ka tsaya kana neman ɗanka. Shagonsa yana ƙasan benenmu, tsakanin mai guga da mai sayar da dafaffen waken nan da ake kira ful. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda nauyin kyamara, kuma telansa ya daɗe da sanin haka.

Shi ya ɗauki bikin iyayena. Sau ɗaya na kalla. Kawun babana ya yi minti goma sha ɗaya yana cin kaza, ba wanda ya katse shi.

A 'yan shekarun nan aiki ya ja baya. Samari sun shigo sana'ar da ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoto daga sama, suna haɗa fim na minti uku, amarya tana juyi a hankali a bakin kogi. Usta yakan zauna a ƙofar shago yana goge gilashin kyamara wanda ba abin da ya taɓa shi tun jiya. Gida ɗaya ya rage masa da yake da tabbaci a kai, gidan marigayi Alhaji Sha'aban mai alewa. Duk 'ya'yan gidan shi ya ɗauki bikinsu. Da aka sa ranar jikarsu Shuruk, sai ya goge rigarsa ya je yi musu murna. Shuruk ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce ya turo mata shafinsa na intanet ta duba aikinsa kafin ta yanke shawara.

Ba shi da shafi. Ya kawo kuka wurin babana, babana ya nuna ni. Na gama jami'a, ina zaune a gida, kuma ban iya cewa a'a ba.

"Injiniya, bismillah," in ji Usta, ya jawo min kujera.

Aikin laburare na karanta, amma ban gyara masa ba. Na buɗe manhajar gina shafi, na nuna masa yadda abin yake. Shafin fili ne, sai ka riƙa jawo akwatuna kana jerawa: wannan na rubutu, wannan na hoto, wannan na lambar waya, wannan na bidiyo. Nan take ya gane.

"Kamar jera kujeru a rumfar biki. Manya a gaba."

A akwatin rubutu ya ce in sa sunansa, da sunan mahaifinsa, da na wanda ya koya masa aiki. A na hoto ya sa kyamarar, ba fuskarsa ba. Muka zo kan bidiyo, na ce hanya biyu ce. Ko mu ajiye shi a cikin manhajar kanta, amma ba ta karɓar abin da ya wuce minti biyar. Ko mu ɗora shi a babban dandalin bidiyo, mu jawo shi cikin akwatin, komai tsawonsa.

"Minti biyar?" Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, a minti biyar ko daga mota amarya ba ta sauko ba."

Sai kuma maganar bikin wa za a sa. Kabad ɗinsa cike yake da kaset da faifai, kowanne da sunan gida a jiki. Na miƙa hannu zan ɗauko ɗaya, ya rufe ƙofar kabad ɗin a hankali.

"Matan mutane ne a ciki suna rawa. Amana aka ba ni. Ba zan baza su a kasuwa ba."

Bikin ɗansa Wa'il kaɗai yake da iko da shi, shi ma sai da ya hau sama ya nemi izinin matarsa. Daga saman bene na ji muryarta: "Sa mana! Ai lokacin ina da ƙugu." Matar Wa'il ma aka kira ta a waya ta ce ba komai.

Muka fara gwaji da minti goma na farko a babban dandalin. Ya naɗe hannu yana kallon aikinsa a cikin akwatin, yana gyaɗa kai. Da bidiyon ya ƙare, sai allon ya cika da ƙananan hotuna na wasu bidiyoyi. Na farkonsu na Hazim ne, mai sabon shagon hoto a tsallaken gada, da jirginsa da komai.

Usta ya nuna hoton da yatsa.

"Wa ya gayyace shi?"

"Kawu, dandalin ne yake kawo su da kansa. In naka ya ƙare, sai ya nuna masu kama da shi."

"Masu kama da shi," ya maimaita. "A cikin shagona. A kan kujerata."

Na ce akwai dabarun rage abin, amma ban tabbata za su hana gaba ɗaya ba. Bai saurare ni ba, yana kallon silin.

"Sai ya ƙare yake fitowa?"

"Sai ya ƙare."

"To sa shi duka."

Awa huɗu da minti goma ne bikin Wa'il. Kwana biyu aka yi yana hawa, intanet ɗin shagon yana yankewa duk lokacin da mai guga ya kunna babban dutsensa na lantarki. Usta ya kai wa mai guga shayi ya roƙe shi ya koma na gawayi. Ranar Laraba muka tura wa Shuruk.

Ranar Asabar da la'asar tasi ta tsaya a ƙofar shago. Ba Shuruk ce ta fito ba, kakarta ce, Hajiya Nabawiyya, da sandarta. Ina ciki ina gyara akwatin lambar waya, na rasa inda zan ɓuya, sai na ƙara sunkuyar da kai.

"Garib, ba ka da hankali," ta ce tun kafin ta zauna. "Awa huɗu? Yarinyar ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ajiye waya."

"Allah ya ja kwana, Hajiya."

"Ni na ɗauka na kalla. Kwana biyu na yi a kai, har miya ta ƙone min. Ka manta mun zo bikin nan? Ga Alhaji can a teburi na uku yana cin kek ɗin basbusa. Shekara arba'in ina ce wa mutumin nan ya rufe baki in yana tauna." Ta ciro hankici ta share hanci. "Sau shida na mayar da wurin baya na sake kallo."

Usta ya ce, "Allah ya jiƙansa." Sannan a hankali ya tambaya, "Har ƙarshe kika kai?"

"Har ƙarshe. Wani yaro ya fito da jirgi, shi ma na kalli nasa. Na ga rufin otal, na ga kogi, na ga bayan amarya. Tsohuwa ko ɗaya ban gani ba. Su ba su da dangi ne?"

Ta ce Shuruk ta riga ta zaɓi Hazim, kuma ba za ta hana ta ba, bikinta ne. Amma baƙi nata ne, ita ta gayyace su. Saboda haka Usta zai zo ya ɗauki teburan, ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsallake kowa, kada kuma ya shiga gaban jirgin yaro.

"Amarya fa?" in ji Usta.

"Amarya tana da mai ɗaukarta. Kai dai ka fara da teburina, tun ina da jan baki."

An yi bikin ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Ni ma an gayyace ni, na zauna a bayan wani ginshiƙi inda nake zaton ba za a gan ni ba. Fim ɗin Hazim ya fito minti uku da rabi, an yi ta yaba shi. Na Usta awa biyar ne, gidaje goma sha huɗu suka aiko neman kwafi. Amarya ta bayyana a ciki sau biyu, duka daga nesa, tana wucewa ta bayan wani dattijo mai ɓare lemo.