Sati Biyar a Shagon Yadin Babana

Shekarun baya, lokacin da unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui ta koma kamar keji, ba shiga ba fita, ni abin da ya fi damuna wata jarrabawa ce. Har yau idan na faɗi haka sai na ɗan ji kunya, amma gaskiyar ke nan.

Na gama jami'a a fannin kasuwanci, duk karatuna da Faransanci. Wata makaranta a ƙasar waje ta yarda ta ɗauke ni digiri na biyu har da tallafin karatu, da sharaɗin in kawo maki mai kyau a jarrabawar shiga da irin waɗannan makarantu ke nema. Da Ingilishi ake yin ta, a kwamfuta, akwai lissafi akwai fahimtar rubutu, kowane ɓangare da lokacinsa. Ba a yin ta a ƙasarmu, sai an je Kamaru. Na je na yi tun kafin gari ya rikice, na dawo da makin da ban iya faɗa wa kowa ba. Mahaifiyata ta tambaya na ce, "Ba laifi, Inna." Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa."

Ana tsakiyar rikici makarantar ta aiko da saƙo: za su jira ni in sake, amma idan sabon maki bai iso cikin sati shida ba, za su ba wani gurbina. Kawuna da ke Yawunde, can Kamaru, ya yi mini rajista. Ranar jarrabawar da aka samu, saura sati biyar.

Gidanmu a lokacin cike yake da dangin da suka gudo daga unguwar Miskine, ko wurin miƙe ƙafa da wuya. Na je na samu mahaifina na ce ina neman inda zan yi karatu. Ya ce, "Mutane na neman inda za su tsira da rai, kai tebur kake nema?" Washegari bayan sallar asuba ya ajiye mini makullin shagonsa na yadi. Dama ciniki ya tsaya, motocin Kamaru ba sa shigowa yadda suka saba.

Satin farko na ɓata shi da kaina. Na yanke cewa Ingilishi ne ya kayar da ni, don haka na ɗauko ƙamus na fara haddacewa daga farko. Kwana bakwai ina kan bandir ɗin atamfa ina ƙunƙuni, ban ma gama harafi na biyu ba.

Cikin waɗanda suka gudo daga Miskine akwai wani abokin mahaifina, malamin lissafi a sakandare, an ƙone gidansa da littattafansa duka. Sango, yaren ƙasar, ya fi ji, Hausarsa tsinta-tsinta ce, Ingilishi kuwa ko "zo" bai sani ba. Kullum yana zaune a bencin ƙofar shago tare da mahaifina, ba aikin yi. Wata rana ya leƙo ya ce, "Wai karatu kake ko wuridi?"

Na yi masa bayani. Ya cire agogon hannunsa ya ajiye a teburin yanka yadi, ya ce in yi tambayoyin gwaji daga littafina yana kallo. Na ci karo da wata mai wuya, na zauna a kanta minti goma sha ɗaya har na warware ta. Da lokaci ya cika ya ce, "Waccan da ka daɗe a kanta, ka same ta?"

Na ce, "Na same ta, Malam." Har da ɗan murmushi.

"Madalla. Shidan ƙarshe da ba ka taɓa ba fa, wa ka bar wa?"

Na duba shafin ƙarshe. Ya ce, "Ba Ingilishi ne ciwonka ba. Taurin kai ne, irin na ubanka."

Daga waje mahaifina ya ce, "Ina jin ku fa."

Daga ranar aka rufe ƙamus. Da safe in yi tambayoyi da agogo, kowace tambaya minti biyu. Idan sun cika sai ya ƙwanƙwasa tebur da almakashi, in zaɓi amsar da ta fi kama hankali in wuce, ko ina so ko ba na so. Bayan azahar mu bi duk wadda na faɗi, in fassara masa da Faransanci, in faɗa da bakina dalilin faɗuwar: ban sani ba ne, ko na yi gaggawa, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Abin takaici, na ukun ya fi yawa. Rubutun Ingilishi kuma sai ya ce in karanta, in rufe littafin, in gaya masa da Sango abin da marubucin ke nufi a jimla uku. Yakan ce, "Idan ban gane ba, kai ma ba ka gane ba." Littafi ɗaya gare ni, na yi ta rubutu da fensir ina gogewa har wasu shafukan suka huje.

A sati na uku, wata safiya muna tsakiyar gwaji, harbi ya ɓarke ta wajen titin Koudoukou. Muka ja ƙofa muka kwanta bayan bandir-bandir na yadi. Can sai na ji Malam ya ce, "Saura minti goma sha huɗu."

Na ce, "Malam, harbi fa ake yi!"

Ya ce, "Ina da kunne. Fita za ka yi ka raba su?"

A kwance rub da ciki na ƙarasa, kuma ban taɓa cin maki kamar na ranar ba. Da yamma muka ji cewa cikin waɗanda aka kashe har da mai shayin da muke karyawa a wurinsa. Kwana biyu ban buɗe littafi ba. A rana ta uku Malam ya shigo ya ajiye agogonsa a tebur ya zauna, ni ma na zauna.

Hanyar fita ɗaya ce a lokacin, ayarin manyan motoci da sojojin kiyaye zaman lafiya ke rakawa har iyaka. Mahaifina ya samar mini wuri a motar wani direba da ya sani. Na ɗauki ƙaramar jaka, riga biyu, da ƙullin soyayyen naman da Inna ta ba ni. Ina sauri kada a cike wuri, daga nesa na ɗaga wa Malam hannu na ce, "Sai sati mai zuwa!" Kwana uku muka yi a hanya, duk shingen da muka zo sai kowa ya sunkuyar da kai. Na isa Yawunde saura kwana biyu.

A ɗakin jarrabawa tambaya uku na bari da cinke na wuce, raina yana sosuwa. Na gama da sauran lokaci. Makin ya fito nan take a kwamfuta: na haura abin da suke nema, ba da yawa ba, amma na haura.

Na kira gida. Mahaifina ya yi hamdala, ya miƙa wa Malam waya, shi ma ya sa albarka a taƙaice. Sai mahaifina ya karɓa ya ce, "Kada ka dawo. Zauna wurin kawunka har takardunka su fito."

Na ce, "Baba, kayana suna nan, ko sallama ban yi da kowa ba."

Ya ce, "Mun yafe maka sallamar."

Sai da na yi kusan shekara huɗu kafin na sake taka Kilomita Biyar. Na tarar Malam ya rasu tun shekarar da na tafi, ciwo ya tashi masa a lokacin da fita asibiti ke da haɗari. An ɓoye mini don kada karatuna ya lalace.

Yanzu ƙanne sukan tambaye ni yadda ake ɗaga maki cikin ɗan lokaci, nakan gaya musu abin da na sani: ka fara gano ainihin inda kake faɗuwa, ka yi gwaji da agogo, ka koyi haƙura da tambayar da ta fi ƙarfinka. Yana aiki, na gani a kaina. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, ni da aka yi sati uku ana koya mini tattalin lokaci, ban iya ware minti biyu na durƙusa na gode wa mutumin nan ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.