Faifan Bikin Sandamu

Ni ban taɓa kawowa a raina zan riƙe kyamara ba. Maigidana ne mai hoto, yana da ɗan shago a hanyar kasuwa cikin garin Daura, ni kuwa iyakacina da harkar in je ranar Sallah in tsaya ƙiƙam gaban labulensa mai zanen furanni a ɗauke ni. Zuwan shari'a ne ya ba ni sana'a. Da ma can ba kowane gida ke barin namiji ya kutsa tsakar gida ranar wuni ba, to a shekarun nan sai ƙofar ta rufu gaba ɗaya. Mata kuma ba za su sha lalle da kitso na kwana uku a watse ba hoto ba. Wata rana ya zuba min ido ya ce, "Ke fa mace ce." Na ce, "Sai yau ka gano?" Cikin sati biyu ya koya min inda ake dannawa, ya kawo tsohuwar kwamfuta da ƙaramin injin wanke hoto ya ajiye min a ɗaki, don kada hoton matan mutane ya je shago inda maza ke zama.

Abin da ya fi dagewa a kai ba ɗaukar hoton ba ne, ajiyarsa ne. Ya taɓa asarar biki guda cur. Bairos ya shiga kwamfutarsa bayan ya riga ya goge memorin kyamara, aka wayi gari ba ango ba amarya, ya yi ta yawon ban haƙuri har takalminsa ya gaji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga nan ya kafa doka cewa hoton da ke wuri ɗaya, a ɗauka babu shi. Sai ya zauna a memori, ya zauna a kwamfuta, a kuma zuba shi a faifan sidi a rubuta sunan biki a kai. Lokaci lokaci a ɗauko faifan a saka a ga ko yana buɗewa. Na haddace wannan har ya zame min jiki. In na dawo daga biki, ko mayafi ba na cirewa sai faifai ya fito da ɗuminsa. Ina jera su a cikin wata babbar kwalla ta kayan aurena, in rufe da tsohon zane, in ɗora saman wadirof inda damshi ba ya kaiwa.

Ana haka aka kira ni biki a Sandamu, gidan wani dattijo limamin unguwa da zai aurar da autarsa. Malam ya yarda a yi hoto, amma da sharaɗi. A zamanin fim, in an wanke hoto, irin su Malam sukan karɓe har dodon hoton, wato baƙar ledar nan da ake wankowa daga gare ta, su san ba su bar komai a hannun bare ba. Yanzu ba dodon da za a miƙa. Don haka ya ce a wanke kowane hoto guda ɗaya tak, a kawo, sannan in goge sauran a gabansa. Na ce na ji na yarda. Ban ga abin wahala a ciki ba.

Uwar amarya, da kowa ke kira Inna, ta wahalar da ni ranar. Duk inda na juyo da kyamara sai ta ja gefen mayafi ta kare fuska, tana cewa, "Ni da tsufana me za a yi da hotona, a tsorata jikoki?" Na bi ta da lallashi, na bi ta da tsokana, ta ƙi. Na haƙura. Can bayan la'asar wata ƙanwarta ta tuno mata da wani abin kunya da ta yi ranar nata auren, Inna ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame ya sauka kafaɗa, furfura ta fito fes. Yatsana ya riga tunanina. Guda ɗaya na samu, kuma a duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban sake ɗaukar wanda ya kai shi ba.

Na dawo gida na yi abin da na saba. Sabo turken wawa. Na zuba a kwamfuta, na zuba a faifai, na rubuta "Sandamu, gidan Malam" a kai, na jefa a kwalla, ko a jikina.

Bayan kwana uku na goge na kwamfuta, maigida ya ɗauke ni a babur muka koma. Na durƙusa a bakin zaure na miƙa ambulan. Malam ya kau da kai har na gama danne-dannena, sannan na nuna masa fuskar kyamara ba komai a ciki. Dattijon nan kuwa ba a yi masa wayo. Ya ce, "'Yata, na ji an ce akwai wani inji da kuke zubawa a ciki."

Na ce, "Na goge na can da safen nan, Malam."

"Madalla. Babu saura ke nan a ko'ina?"

A daidai nan faifan ya faɗo min a rai. Na gan shi ƙarara, har da rubutun hannuna. Kuma bakina ya ce, "Babu, Malam." Ya sa min albarka mai yawa, ni kuwa ina ta amsa amin. A kan babur na yi ta gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce tukuna, da na isa gida zan karya shi biyu.

Ban karya ba. Na ɗauko shi, na juya shi, na mayar. Hannun da aka horar kada ya bar hoto a wuri ɗaya, yau shi za a ce ya hallaka na ƙarshe? Na ce sai gobe. Goben nan ta kai ni shekara biyu da wani abu.

Ban taɓa sanin abu mara nauyi haka zai iya hana mutum sakat ba. Lokacin ne wayoyi masu hoto suka fara yawa, ana ta jin labarin hoton matar wani ya fita daga waya zuwa waya, aure ya girgiza a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk sanda aka yi irin wannan hira a gidan suna, sai hankalina ya koma kan kwallar. A faifan nan akwai matan aure kusan ashirin, wasu ba mayafi, wasu na rawa, duk sun saki jiki ne don an ce musu za a goge. In maigida ya taɓa kwallar yana neman wani aiki, sai in taso masa da faɗa kamar ya taka min sallaya, shi kuma ya rasa laifinsa. Na cire faifan na sa ƙarƙashin katifa, na tuna zai iya tsagewa. Na kai shi gidanmu can wajen Kusugu na cusa a akwatin mahaifiyata, kwana huɗu na kasa, na je na ɗauko, don ƙannena mata ba abin da ba sa bincikewa. Ya sake komawa kwalla.

Abin haushin ma, ban fasa duba shi ba. Duk bayan 'yan watanni in na zo gwada faifai, shi nake fara sakawa. In ya buɗe, in ji sanyi a raina, sannan in ji haushin kaina da na ji sanyin. In wuce sauran da sauri in tsaya a kan Inna. Sau biyu na haɗu da ita a gidan biki, ta riƙe hannuna tana min tsiya, "Ɓarauniyar fuska, kin dai same ni." In yi yaƙe in sulale.

Da abin ya ishe ni na gaya wa maigida. Na zaci zai yanke min hukunci in huta. Ya yi ta sosa gemu, can ya ce, "Ke kika yi alkawari, ba ni ba." Na ce ai kai ka koya min ajiyar. Ya ce, "Na koya miki ajiya, ban koya miki cewa babu ba." Na yi kwana biyu ban sa masa yaji a miya ba don haushi, amma gaskiya ya faɗa.

Maƙwabciyata ce ta kawo ƙarshen jan ƙafar. Ana shirin azumi ta shigo aron kwalla za ta yi suna, ina bayi, kuma da yake mun saba sai ta hau kujera ta sauko da ita da kanta. Na fito na tarar ta baje faya-fayan a kan gado tana karanta sunayen, tana cewa in ba ta na Sandamu ta kalla, tana da 'yan uwa a can. Na fizge shi da ƙarfin da sai da ta ja baya. Tana fita na nufi murhu. Na sa shi a gwiwa na karya, ya yi ƙara ya tarwatse, na tattara gutsattsarin na zuba a garwashi. Warin roba ya cika gidan har yamma. Na shiga azumin nan da zuciya wasai, ina jin yau dai maganar da na faɗa wa Malam ta zama gaskiya.

Kwana biyar bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, maigida ya leƙo ya ce in sa hijabi, ina da baƙo a zaure. Malam ne. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Ban ji rasuwar ba sai a bakinsa. Inna ta kwanta a goman ƙarshe, kwana uku kawai, Allah ya karɓi abinsa. Na yi masa gaisuwa, ya amsa, ya jima yana jan carbi. Sannan ya zaro wata baƙar leda daga aljihu ya turo gabana.

Hotunan bikin ne, ko in ce abin da ya rage. Amarya ta tafi da su ɗakinta a wani ƙauye gaba da Mai'adua, rufin ɗakin ya yi yoyo da damina, ruwa ya shiga akwati, ba ta lura ba sai da suka manne suka zama dunƙule guda. Da ta zo zaman makoki ta taho da su ko za a dace. Na gwada ɓamɓare ɗaya, fuskokin suka biyo bayan takardar. Na ce masa wannan ba mai iya gyarawa.

Ya ce, "Na sani. Ita yarinyar ce ke ta kuka." Ya kalli bango. "'Yata, na san a gabana kika goge. Ni na sa ki. Amma na ce bari dai in zo in tambaya, ko da kuskure, ko wani ya maƙale a wani wuri."

Mutumin da ya sa min albarka don na ce babu, yau shi ne ya hau mota tun daga Sandamu yana fatan na yi masa ƙarya. Da zan ce babu in yi shiru, da ya tashi ya tafi da yardarsa gare ni. Na kasa. Na gaya masa komai, da faifan, da kwallar, da shekara biyun, da murhun. Ina magana ina kuka, maigida na bakin ƙofa ya sunkuyar da kai.

Malam bai yi faɗa ba. Na so ya yi. Ya ce, "Yaushe kika ƙona?"

"Ana saura kwana biyu azumi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ranar nan da hannunta ta surfa geron kunu," in ji shi. Ya mayar da ledar aljihu, ya dafa sanda kamar zai miƙe, sai ya fasa.

"Ambulan ɗin nan da kika kawo, ban buɗe ba. Akwai matan mutane a ciki, sai na aika da shi cikin gida yadda yake. An ce min ta fito a guda ɗaya." Ya ɗago ya dube ni a karon farko. "Ke da kika daɗe kina kallo, yaya ta fito?"

Na share fuska da gefen hijabi na faɗa masa. Tana zaune a kan tabarma gindin bango, ƙafa ɗaya a miƙe. Ta jefa kai baya tana dariya, idon duk ya rufe. Ɗankwalin ya sauka a kafaɗar hagu, hannunta ɗaya ya tashi zai kamo shi bai kai ba, lallen ya kama tafin ja wur.

Ya ce, "Haƙorinta na gefe da ya fita, an ga gurbin?"

"An gani, Malam."

"Shi ya sa ba ta son hoto," ya ce, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi. Ya kwantar da sandar a ƙasa. "Sake faɗa min daga farko, 'yata. Kada ki yi sauri."

Na gyara zama na sake farawa daga tabarmar.