Littafin Baba da Firintata

Ni bahago ne, kuma a gidan marubuta aka haife ni. Kakanninmu daga wajen Borno suka zo Haɗejiya da gafakarsu a kafaɗa, sana'arsu kwafar littattafai da hannu. Ina ɗan shekara bakwai mahaifinmu ya gaji da ƙwale mini yatsu, ya karɓe alƙalamin ya ce a kai ni boko. Allah ya jiƙansa, amma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Bokon ya kai ni ga aikin akawu, aikin akawu kuma ya bar mini yammaci da Asabar da Lahadi. Da rediyo na fara, ina kwancewa ina ɗaurawa, ina ƙona yatsa da dalma. Daga baya na faɗa wa kwamfuta. Wadda nake aiki da ita yanzu, daga gawarwakin kwamfutoci uku na haɗa ta, fankarta ma ta wata tsohuwar na'urar ofis ce da aka jefar. Na kafa faifan sola a kan rufi, na sami firinta da sikana mai ɗaukar hoton takarda, duk na hannu, na gyara. Matata tana kiran ɗakin bola, ni kuwa ko a jikina.

Baba ya bar littafi guda da ya rubuta da kansa. Ba Alƙur'ani ba ne. Asalin gidanmu ne a ciki, da waƙoƙinsa na wa'azi cikin ajami, da magungunan da ya gwada, da shekarun da kogi ya yi ɓarna da inda ruwa ya tsaya. Ganyaye ne warwatse, ba ɗinki, a cikin gafakar fata. Al'adar gidanmu ita ce, wanda ya gaji zaure shi zai sake kwafar irin wannan littafi da hannunsa kafin ya tsufa, kuma littafin ba ya ƙetare bakin zaure. Yayana ne ya gaji zauren, domin shi ne babba, kuma rubutunsa ya fi na kowa kyau.

Shekarar da ruwa ya fasa jinga ya shigo unguwarmu, zauren ya sha ruwa har gwiwa. Gafakar tana rataye a bango, ruwa bai taɓa ta ba, amma danshi ya shige ta. Tun daga nan, duk wanda ya zauna kusa sai ya ji warin funfuna. Kowace damina ina tambayar Yaya ko ya fara kwafa, shi kuma kowace damina sai ya ce yana neman takarda mai kyau. Damina huɗu muka yi a haka, littafi yana ruɓewa a kanmu.

Ran nan na same shi bayan La'asar, na zauna a bakin buzunsa.

"Yaya, ka ba ni littafin nan kwana biyu kacal. In ɗauke shi a na'ura, in buga mana sabo."

Ya sha mini toka. "Kai da alƙalami ma ya ƙi ka, kai ne za ka kwafi rubutun Baba?"

"Alƙalami bai ƙi ni ba, ƙwace shi aka yi. Kuma ai na samo wani."

Ya tashi ya sauko da gafakar daga bango. Can ya zaro ganye guda daga ƙarshe, wanda gefensa ya riga ya cinye, ya miƙo mini. Ya ce in je in gwada wasan yarana, amma ganyen ya dawo kafin Magariba.

Na dawo kafin a kira salla, da ganyen da kwafinsa. Wallahi har jan wasalin Baba ya fito, da wurin da alƙalaminsa ya taɓa yin tsartuwa. Ina ta cika ina batsewa. Yaya bai ko tsaya dubawa ba. Ya tsoma babban yatsansa a ruwan buta, ya goga a tsakiyar shafin, kamar yadda marubutan gidanmu ke gwada tawada. Rubutu ya narke ya zama kwaɓa. Ya goge yatsan a gefen buzu.

"A garin da ruwa ke shigowa ɗaki, wannan za ka bar wa jikokinmu?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, gaskiya ya faɗa. Firintata irin mai tawadar ruwa ce, wadda nake ɗura mata da sirinji. Tawadar Baba kuwa ta bagaruwa ce da kashin maƙera, in ta kama takarda ta kama ke nan.

A nan na tafka wautar da har yau matata take yi mini dariya a kai. Na ce to, in matsalar tawada ce, ai ni ma ɗan gidan ne, na san yadda ake dafa ta. Na jiƙa bagaruwa, na roƙo kashin maƙera a maƙerar bayan kasuwa, na haɗa da ƙaro, na dafa a tukunyar da matata ta rantse ba za ta ƙara girki da ita ba. Na tace da ƙyalle har sau biyar, na zuƙa a sirinji, na ɗura wa firinta da bisimilla. Layi biyu ta buga, baƙi wuluk, gwanin sha'awa. A na uku ta fara tari, a na huɗu ta yi shiru. Ƙofofin da tawada ke fitowa sun fi gashi siranta, ni kuma na cusa musu ruwan ƙarfe da ƙaro. Na jiƙa kan firintar a ruwan ɗumi, na hura, na tsotsa har leɓena ya yi baƙi, amma ta riga ta mutu.

Labari ya riga ni isa zaure. Yaya ya aiko a gaya mini wai yanzu na ga bambancin ilimi da ƙarafa. Na aika masa cewa ban gama ba.

Wani abokin aikina da aka mayar Birniwa ya taɓa ce mini akwai wata babbar firinta a gidansa, irin mai garin tawada, wadda ke gasa rubutu a jikin takarda da zafi. Ta daina aiki tun tuni, kaji ma suna kwana a kanta. Na je na ɗauko ta a bayan babur. Wata biyu ina fama da ita. Na fitar da gidan zanzaro daga cikinta, na canza wayar da ɓera ya ci, na gano abin da ke ɗumama takarda ne ya yanke, na ciro irinsa daga wata gawar. Ranar da ta tashi sai da ta shanye batirin solata tas kafin ta ba ni shafi ɗaya. Hoton ganyen nan yana nan a kwamfuta, na buga shi ya cika takarda, ya ninka na asali girma.

Wannan karon ban jira yatsan Yaya ba. Na shiga zaure da kwanon ruwa a hannu, da safe, abokan karatunsa biyu suna zaune. Na nutsa takardar a gabansu, na bar ta ta jiƙa sharkaf, na ɗago ta tana ɗiga.

"Bisimilla, Yaya. Goga."

Ya goga, ya sake gogawa har takardar ta fara saɓulewa, rubutu yana nan daram. Sai na ga ya kai ta dab da fuskarsa, leɓensa yana motsi. Ya karanta baiti biyu na waƙar Baba a bayyane. Ya sallami abokansa, sannan ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, rabonsa da iya ganin rubutun Baba tun kafin ruwan nan. Yanar ido ce ta rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba.

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ce da ya faɗa mini tun farko. Ya ce duk da haka littafi ba zai fita daga zaure ba. Na ce ba komai, na'ura za ta shigo. Da rana tsaka na loda kwamfuta da sikana da batir a kura, na turo su ta tsakiyar unguwa kowa yana kallo.

Kwana tara muka yi, yana miƙo ganye ɗaya ɗaya ina ɗauka. Da muka kai tsakiya sai hannunsa ya tsaya. Ganye goma sha ɗaya sun manne wuri guda, sun yi baƙi, da na taɓa gefensu sai suka marmashe. A nan Baba ya rubuta sunayen kakanninmu mata da garuruwan da aka auro su. Ni ban taɓa karanta wurin ba, shi kuma Yaya huɗu kawai ya iya tunowa.

Na buga kwafi shida, kowane ɗaki na gidanmu ya sami ɗaya. A kowane kwafi na sa farar takarda goma sha ɗaya a daidai wurin. Yaya ya ce in cire, wai tonon asiri ne. Na ƙi. Duk ɗan gidanmu da ya buɗe ya tambaye ni me ya sa babu komai a nan, ina zaunar da shi in gaya masa.