Kirep a Rumfar Yaya

Ana sallame sallar asuba motarmu ta bar Damagaram. Saƙon Inna ne ya ɗora ni a hanya: in je Belbeji in ce wa yayata ta dawo gida. Ta fita takaba tun bara, amma ta ƙi barin garin da aka binne mijinta.

Damina ta sauka a yankin Damargu. Gero ya kai gwiwa, raƙuma na tafe a gefen hanya kamar ba su da wurin zuwa. Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama bai ƙaru ba. Da muka bar kwalta mota ta shiga tsalle, har tsohuwar da ke kusa da ni ta ce wa direba, "Ɗana, sassauta. Nonon da ke gorata ya kusa zama man shanu."

Rumfar Yaya tana bayan tasha: benci biyu, murhun gawayi, da wani faffaɗan kasko. Kirep take toyawa. Ga wanda bai sani ba, ƙullun fulawa ne da ƙwai da madara, a shimfiɗa shi a kasko ya fito shara-shara kamar mayafi. Marigayi mijinta, wanda ya yi aikin kuku a Yamai, shi ya koya mata.

Ta rungume ni, ta bar mini shatin fulawa a kafaɗa.

"Zauna, Auta. Ba a zance da yunwa."

Ta fara ba ni mai gishiri, da nama da albasa da yaji. Sannan mai zuma, wanda ya narke tun ban tauna ba. Ina ci ina kallon mutanenta: malamin lakwal, wato na makarantar boko, yana cin nasa a tsaye, wani Ba'abzine yana tura loma ta ƙarƙashin amawali, da Bafillatanar da ke kawo mata madara, ta zauna tana ba ta labarin saniyarta da ta haihu. Kowa Yaya ta san yadda yake son nasa. Ban kai ga isar da saƙon ba, ga kewarta tana cina alhali tana gabana.

"Inna ce ta aiko ki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ki ce mata kullum tana raina. Amma a Damagaram bazawara ce ni a ɗakin uwata. A nan kuwa, duk sanda na juya kirep, hannun maigidana nake gani."

Na bar maganar a nan.

Washegari na juyo ni kaɗai, da kwanon kirep a cinya. Da na yi sallama, Inna ta dubi bayana ta ga ba kowa. Ta buɗe kwanon, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Hannunta ya faɗa," ta ce. "Bayan girbi ki raka ni wurinta."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: wata kewar ba ta warkewa da kiran mutum gida. Sai dai ka ɗaura kayanka ka bi shi inda zuciyarsa ta zauna.