Sallama Uku a Ƙofar Aji

Ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magaria shekarar da masu telebijin suka zo daga Yamai ɗaukar darasin lissafi. Aji ɗaya suka mayar ɗakin ɗauka. Kwana uku muna shiri. An toshe tagogi da tabarmi, an rufe ƙofa da bargo, an kai injin wuta can bayan katanga, an zana wa kowa wurin tsayuwarsa da alli. Har takalma aka ce mu bari a waje, wai na'urar sauti tana jin taku. Ga zafi kamar tanda, ga maimaici har mutum ya gaji da bakinsa.

Shugabansu, wani siriri mai yawan tari, ya raba aiki. Mai kamera ba ruwansa da fitila, mai fitila ba ruwansa da sauti, mai sauti kuwa ko gobara ta tashi kada ya cire abin kunnensa. Ni ya ba ni ƙofa, yana kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci.

"Mushe, in na ɗaga hannu, ba shiga, ba fita, ba magana. Fim ɗinmu saura kaɗan, sau ɗaya za mu ɗauka. In ka riƙe ƙofar nan da kyau, da kai za mu koma Yamai."

Na gaji da shaƙar alli, ina son aikin nan kamar me.

Ya ɗaga hannu. Ba a yi nisa ba sai na ji sallama ta bayan bargon, ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji. Muryar kawuna ce, wanda ya rene ni a Dogo-Dogo bayan rasuwar mahaifina. Tafiyar kwana biyu ce a kan jaki.

A wurinmu sallama uku ake yi, in ba a amsa ba mai mutunci ya juya. Ya yi ta biyu. Na dubi shugaba, idonsa yana kaina. Ya yi ta uku. Na amsa a zuci, bakina a rufe.

Da aka gama na fito a guje, na tarar da ƙwaryar ƙwan zabi kusa da takalmana. Sai a bakin kasuwa na cim masa.

"Kawu, wallahi aiki ne ya..."

"Na ga takalmanka, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Bai sauko daga jakin ba.

Na sami aikin. Shekaru na yi ina riƙe ƙofa a Yamai, ina gaya wa sababbin ma'aikata kowa ya tsaya kan aikinsa, kuma gaskiya nake gaya musu. Kawu dai bai sake yin sallama a ƙofata ba har ya koma ga Allah.