Hanyar Shanunmu

Lokacin da nake yaro, unguwar nan tamu ruga ce, tsakaninta da garin Tudun Wada sai an ratsa gonaki. Da damina, bayan sallar isha'i, akan hura wuta a bakin garke don hayaƙi ya kori sauro daga jikin shanu. Nan muke kewaye kakarmu Dada, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta gada mai kunya. Wai gada tana da hanyarta ta zuwa rafi. Bushiya ta roƙi gefen hanyar za ta kafa ɗaki, gada ta sunkuyar da kai ta ba ta. Zomo ya zo, ta ba shi. Gafiya ta zo da 'ya'yanta, ta ba ta. Ranar da ƙishirwa ta kama gada, duk inda ta juya dangar maƙwabci ce. Haka ta tsaya tana jiyo ƙarar ruwa.

Na ce, "Dada, ta yi tsalle mana."

"Ta tsallake gidan mutane? Kai dai ɗan nan ba ka da ta ido."

A lokacin na ɗauka yabon gadar take yi.

Da gari ya taso mana, wani malami ne ya fara roƙon Baba gefen burtali, hanyar shanunmu, zai yi makaranta. Wa zai hana malami? Bayansa mai injin niƙa, sai masu shaguna. Yau ta lungu ɗaya shanuna ke fita, a jere, masu babur na yi mana hon, mata na kwashe shanya suna tsaki. Abin yana ci mini rai. Sai yanzu na gane Dada tsoron halinmu take ji, ta rasa yadda za ta faɗa.

Shekaranjiya Alhaji Sale, maƙwabcin da ya tsaya mana lokacin jinyar Baba, ya yi mini sallama.

"Malam Buba, ɓarayi sun dame mu. Muna so mu toshe lungun nan, in ka yarda."

Na ce zan yi shawara. Gobe Juma'a, sahunmu ɗaya da shi a masallaci, kuma na san ba zan iya duban idonsa in ce a'a ba. Na riga na aika wa dillali ya zo ya ga shanun.