Masarar Ladidi a Siton Alhaji Awaisu

A Maska duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san Ladidi. Tun rasuwar mijinta take juya injin da ya bari a zaure, kullum fari fat da gari har gira. Zauren ya yi mata kaɗan, hayaƙi kuma na damun surukarta, shi ya sa ta nemi hayar shagon Alhaji Awaisu mai sayen hatsi, can bakin kasuwa.

Da kaka aka yi maganar. Ba ta da kuɗi a hannu, sai ta ba da buhu huɗu na masarar gonarta kafin alƙalami, a kan za ta shiga in an gyara rufi. Rufi dai bai gyaru ba. Da bazara ɗan Alhaji ya dawo daga Funtua ya buɗe wurin cajin waya a ciki.

Ladidi ba mai hayaniya ba ce. Sai da ruwa ya sauka, rumbunta ya kusa ƙasa, sannan ta je.

"Alhaji, kayana na zo ɗauka."

"Ai na tanadar miki, Ladidi." Ya zaro kuɗi daga aljihu. "Farashin ranar da kika kawo, ko kwabo ban rage ba."

Ta dube su. Yau ko buhu biyu ba za su saya ba, ga yara, ga tsohuwa, sabuwar masara kuma da sauranta.

"Ranar nan kuɗi na ba ka?"

"Masara ce, na kuwa sayar tun lokacin."

"Kai? Da kaka?" Ta yi murmushi. "Alhaji, ko ɗan goye ya san ba ka buɗe sito sai hatsi ya yi tsada."

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ɗauko makulli. "Ke dai ba ki da dama."

Buhunan suna can ƙuryar sito, da ɗinkinta na shuɗin zare. Da aka ɗaga na huɗu sai gari ya zubo: ƙwari sun cinye shi. Ba ta sa magani ba, don ta ɗauka masarar ta bar hannunta ke nan.

"Kin gani? Da kuɗin kika karɓa."

"Ni na ɗinke shi haka, Alhaji. A ɗora min har shi."

Uku suka shiga rumbu. Na huɗun ta ɓarza wa awaki, a zauren nan dai, surukarta na tari daga ɗaki.